Malam Silvanus Mai Bin Sawun Ciwon Hanta

Ƙarfe bakwai ba ta cika sai Malam Silvanus mai gwajin jini ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar asibitinmu a Kazaure. Kafin masu shara su gama ya jera kwalaben jini, ya fito yana bin layi, yana duban farin idon mutane tun gaisuwa ba ta ƙare ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, tun zuwansa daga Kudancin Kaduna. Wata mai kamawa zai yi ritaya, kuma tun da na ji, hankalina ya ƙi kwanciya.

Ciwon yayana Daudu ne ya haɗa mu. Mun kawo shi daga Roni ciki a kumbure, ido rawaya, bayan wata huɗu ana ta jiƙe-jiƙe. Likita ya ce ciwon dajin hanta ne, ya yi nisa. Na tare Malam Silvanus a baranda raina a ɓace.

"Malam, mutumin da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi? Ina ƙarfin jikin nasa ya tafi?"

Ya zana ɗan kewaye a bayan takarda. "Ɗan'uwa, ƙarin nan saurin girma gare shi, har jini ya kasa kai iskar numfashi tsakiyarsa. Sai ka zaci mutuwa zai yi. Ina! Ƙarancin iskar ke ƙara masa tsauri, ya tsiro da jijiyoyinsa. Ƙwayoyin garkuwar jiki da suka zo yaƙarsa kuwa, in sun shiga wurin, wasu su galabaita, wasu ya juya su su koma yi masa aiki. Shi ya sa nake son mu riske shi yana ƙarami." Ya ɗago kai. "Ku nawa ne a ɗakinku?"

"Mu shida."

"Gobe ina son ganin biyar ɗin."

Ba mu je ba. Bayan sati uku Daudu ya rasu. Washegarin sadakar bakwai sai ga babur a ƙofar gidanmu. Malam Silvanus ya durƙusa gaban mahaifiyarmu ya ce, "Inna, Allah ya jiƙan Daudu. Ki yi mini izini in ɗebi jinin sauran." Uku a cikinmu muna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, ba mu sani ba. Ƙanwata Tasalla kuwa, Malam ya matsa sai da aka tura ta Kano hoto, aka ga ƙari bai kai goro ba, aka cire. Shekara takwas ke nan, tana nan tana koyarwa.

Ba mu kaɗai ba ne. Shatu ungozoma a Gwiwa ta ce ya hana ta sakat: duk jaririn da ta karɓa, sai ya bugo waya ya ji ko an yi masa allurar rigakafin hanta. Sama'ilu mai awo a Babura ya ce a tsakiyar kasuwa ya sa shi tsince gyaɗar da ta yi fumfuna don tana lalata hanta, mutane na dariya.

Kai ne ruwa mai bin gona har gida, Malam. Ba kowa ka riska da wuri ba, kuma na ga yadda kake kasa zama duk ranar da aka kawo wanda ya makara. Makon jiya na ce maka hutu ya zo, ka ce, "Wane hutu? Akwai ƙauyuka sha ɗaya a Gwiwa da ban taka ba."

Mun gode, Malam Silvanus. Allah ya saka da alheri, ya ba ka tsufa mai lafiya. Ku matasan da kuka karanci gwajin jini, kujerar nan na jiran mai zuciya irin tasa. Mu kuma sauran, kada mu jira babur ya zo ƙofar gida bayan an share makoki. Ranar Litinin zan kai 'ya'yana huɗu gwaji. Ku kawo naku.