Kyaftin na Ɗaki na Uku

An haifi Soazig Kervella a saman mashayar uwarta a Porz Melen, wani ƙauyen masunta a bakin teku, ranar da iska ta kwashe rufin coci. Mu danginta mun san ihunta ne ya kwashe rufin, iskar ta zo ta tarar an gama aiki. Yau shekararta hamsin da takwas, kuma in ta ce "A miƙo man shanu!" daga kicin, masunta a tsakiyar teku sai sun laluba aljihu.

Da uwar ta rasu, Soazig ta gaji kantar sayar da abin sha guda ɗaya, tebur shida da tsofaffi huɗu da suka manne a kujerunsu tun kafin a kawo lantarki. Ta ƙara tebura, ta koyi dafa ƙaguwa har mutanen Paris suka fara tuƙo mota awa shida don su tsotsi ƙafarta. Daga baya ta gyara ɗakuna huɗu na sama, ta zuba musu fararen zannuwa da sabulu mai ƙamshi. Ɗakin da muka yi ƙyanda a cikinsa mu bakwai, yanzu baƙi ke ɗaukar hotonsa.

Abin alfaharinta ɗaya ne: shekara talatin, ƙaguwar ƙanƙara ba ta taɓa hawa farantinta ba. Duk wadda aka ci a gidan, yayanta Goulven ne ya ciro ta daga tarkunansa. Shi kuwa Goulven ba ya tsoron guguwa, ba ya tsoron likita, abu ɗaya yake tsoro, sunan wata dabba. Zomo ne. An rubuta sau ɗaya ya isa, takarda ba ta nitsewa. Masuntanmu "mai dogon kunne" suke cewa, kuma wanda ya ji ainihin sunan ko ya ga dabbar, ranar jirginsa ba ya barin gaɓa ko da kifi na kiran sunansa.

To, ranar Asabar, jajibirin bikin da fada, limamin coci, ke sa wa jirage albarka, mutum sittin sun kama tebur don gobe, kuma ƙaguwa suka ƙare. Goulven zai fita da ƙarfe biyu in ruwa ya cika. In bai fita ba, sai dai Soazig ta kira motar masu sayar da ƙaguwar ƙanƙara, ta rufe bakinta har abada.

Da sha ɗaya da rabi wata Madam Vauclin ta iso daga Paris, da akwati a hannu ɗaya da kwando a ɗayan. Soazig ta leƙa kwandon, kunnuwa biyu suka leƙo ta.

"Sunansa Kyaftin," in ji Madam. "Ba ya damun kowa. Karas kawai da latas."

Soazig, wadda kullum take cewa camfin masunta shirme ne, ita ce ta fara waige-waige ko wani ya gani. Ta yaye tawul ta rufe kwandon, ta haura da baƙuwar ɗaki na uku da gudun da ba ta yi irinsa ba tun tana 'yar makaranta.

"Madam, don Allah, a gidan nan sunansa Kyaftin. Kyaftin kawai. Ko wa ya tambaye ki."

"Ai sunansa ke nan."

"Yauwa. Ki riƙe shi da kyau."

Tana saukowa ta tarar da Goulven a bakin kantar mashayar, da takalmansa na roba, yana shan miyar kifi kafin fita. Ya bi farantin hannunta da kallo.

"Ke Auta, wa za ki kai wa karas tsura? Gidan ya talauce ne?"

"Na Kyaftin ne, a ɗaki na uku."

Goulven ya ajiye cokali. "Kyaftin a gidan nan, ba a gaya mini ba? Na wane jirgi?"

"Ya yi ritaya, Yaya. Sha miyarka."

"Kyaftin da karas! Likitoci sun gama da bawan Allah. Bari in hau mu gaisa."

Soazig ta tsaya a bakin matakala. Faɗinta da na matakalar ɗaya ne, ko iska sai ta nemi izini. "Barci yake. Kuma ba ya son surutu, kunnensa na da… na da ji sosai."

Ana haka sai ga Madam Vauclin ta sauko neman ruwa. Goulven ya tuɓe hula. "Madam, ke ce iyalin Kyaftin? Ya daɗe a teku?"

Madam ta tuntsire da dariya. "Teku? Haba Malam, ai Kyaftin zo…"

Ba ta ƙarasa ba. Soazig ta danna mata kawa, wato ɗanyen naman katantanwar teku, a baki, da ruwan lemon tsami da komai. "Ɗanɗana, Madam, kyautar gida ce!" Madam ta haɗiye, ta buɗe baki, ta biyu ta shiga. Tsofaffin nan huɗu na bakin kanta sun rantse dozin uku matar ta ci a tsaye kafin ta gane ana so ta yi shiru.

Goulven ya girgiza kai, ya ce matan birni ba sa samun abinci. Ya tsiyaya giyar tuffa a kofi ya ce a kai wa Kyaftin, a ce masa wani ɗan uwansa na ruwa na gaishe shi. Ƙarfe biyu jirginsa ya bar gaɓa. Soazig ta zauna a matakala ta shanye giyar Kyaftin.

Da biyar ya dawo, jirgin har yana nishi. Ƙaguwa kwando tara, babbar cikinsu sai da aka nemi ƙofa ta biyu. Wannan babbar ya ɗauka, ya ce ta Kyaftin ce, shi ya kawo sa'a, kuma hannu da hannu zai ba shi. Soazig na fama da tukunya, kafin ta juyo ya haye.

Ta bi shi da ludayi a hannu. Ta tarar da shi a ƙofar ɗaki na uku, ƙaguwa na wutsil-wutsil a hannunsa, Kyaftin na zaune a kan farin zani yana taunar latas. Suka daɗe suna kallon juna. Goulven ya waiwayi taga, ya ga kwandunansa tara a bakin gaɓa. Ya waiwayi ƙanwarsa.

"Auta, akwai wanda ya faɗi wani suna a gidan nan yau?"

"Babu, Yaya."

"To ni Kyaftin nake gani." Ya haɗa ƙafa, ya sara masa, ya miƙa wa Madam ƙaguwar.

Washegari mutum sittin suka ci suka side yatsu, fada ya nemi ƙari sau biyu. Madam Vauclin kuwa duk shekara tana dawowa jajibirin biki, ɗaki na uku nata ne, amma ko an roƙe ta ba ta cin kawa. Goulven da kansa yake sayen karas ɗin.

Soazig har gobe tana cewa camfi shirme ne. Amma ku je ku zauna a kantarta, ku tambaye ta wace irin dabba ce Kyaftin. Ku dai je da yunwa.