Ozell Batiste, Mai Harin Shiru

Haihuwarsa

An haifi Ozell Batiste ranar 9 ga Maris, 1941, a garin Opelousas na jihar Louisiana. Mahaifinsa, Percy Batiste, mai jera haruffa ne a wata ƙaramar maɗaba'a, mahaifiyarsa Odessa kuwa ɗinki take yi a gida, kuma dukansu biyu kurame ne tun haihuwa. Percy ya yi makarantar kurame, don haka ya iya maganar hannu ta makaranta. Odessa ba ta taɓa shiga aji ba. Da alamun da ta ƙirƙira wa kanta a ƙauye take magana, waɗanda ba mai gane su sai wanda ya saba cin abinci a teburinta. Ozell ya tashi yana ji garau, ya iya maganar hannu iri biyun tun kafin bakinsa ya buɗe, kuma shi ne tafintan gidan a asibiti da coci.

Karatunsa

Ya shiga firamare a 1947, sakandare a 1955, inda ya fara wasan zari-ruga na Amurka a matsayin mai jifa, wato wanda ke karɓar umarnin koci, ya sanar da 'yan'uwansa, ya jefa ƙwallo. A 1959 ya sami gurbin kwaleji da tallafin karatu albarkacin wasan. A kakar 1961, a filin wasu abokan hamayya, ihun 'yan kallo ya hana masu tsaronsa jin muryarsa, suka makara da motsi, ƙarti biyu suka auka masa suka ragargaza masa gwiwa. Daga ranar bai sake wasa ba. Ya kammala karatu a 1963 da ɗingishi, da kuma ra'ayin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, cewa harin da ya dogara da murya bai da tabbas.

Aiki da aure

Ya koyar da motsa jiki a sakandare, yana kuma taimaka wa koci. A 1966 ya auri Vernell Guidry, ma'aikaciyar jinya. Sau biyu ya nemi manyansa su bar shi ya gwada hari ba tare da magana ba. Na farko ya yi masa dariya, na biyu ya sallame shi a 1974.

Kwalejin Tallow Creek

A farkon 1978 majalisar Kwalejin Tallow Creek ta yanke hukuncin rushe ƙungiyar zari-rugar kwalejin, matuƙar ba ta ci fiye da rabin wasanninta goma sha ɗaya na kakar ba. Rushewar na nufin 'yan wasan su rasa tallafin karatu, kuma galibinsu 'ya'yan masu saran rake ne da ba su da wata hanyar zama a aji. Babban koci, Hosea Tillery, ya nemi sabon mai tsara hari, duk masu suna suka ƙi zuwa, sai ya ɗauki Batiste.

Labarin ya tayar da gari. A shagunan aski da harabar coci ba a zancen komai sai sabon kocin da aka ce ya hana yara magana. Batiste ya soke taruwar ƙus-ƙus da 'yan wasa ke yi kafin kowane hari. Shi zai ba da umarni da hannu daga gefen fili, mutum goma sha ɗaya su karanta a lokaci guda, su zuba wa ƙwallo ido, da ta motsa su motsa. A makon farko na atisaye yaran suka yi ta karo da juna. An ji Tillery yana cewa, "Kai Batiste, ƙwallo na ɗauko ka ka koya musu, ba tafi da rawa ba." Batiste ya ce, "Ka ba ni zuwa Satumba, Koci. In ba su iya ba, ni da kaina zan yi maka rawar."

Domin hannunsu ya faɗa, ya riƙa kai su gidan mahaifiyarsa kowace Lahadi bayan coci, inda dokar teburin ita ce wanda ya buɗe baki ya yi magana ba a ƙara masa abinci. Mai jifan ƙungiyar, Alton Prejean, yaro mai surutu da ci, ya kan ce, "Mama Odessa ce kaɗai ta taɓa rufe mini baki, ita ma da shinkafa da wake."

Sun sha kashi a wasanni ukun farko. Daga na huɗu abin ya kama: abokan hamayya ba su gama jeruwa ba, hari ya riga ya wuce su. Filin da a da rabinsa wayam ne ya cika maƙil, yara a titi suna kwaikwayon alamun. Zuwa Nuwamba sun ci biyar, an ci su biyar.

Wasan Marbury

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar 18 ga Nuwamba a filin Jami'ar Marbury, wanda ake wa laƙabi da Tukunya, saboda magoya bayansu na zuwa da ƙararrawar shanu da ganguna su hana baƙi jin juna. Amon bai dami Tallow Creek ba, amma duk inda suka nufa sai su tarar ana jiransu. Kafin hutun rabin lokaci Marbury na da maki 17, su suna da 3.

Batiste ya ɗaga kai yana duban benen 'yan jarida, sai ya hangi wani mutum riƙe da madubin hangen nesa, ɗaya hannunsa na motsi da kansa yana maimaita alamar da aka bayar, kamar yadda masu maganar hannu kan yi ba su sani ba. Marbury sun ɗauko tafinta.

A ɗakin canja kaya Tillery ya ce, "To, malamin rawa, sun karance mu. Sai mu koma ihu?"

Batiste ya juya ga yaran. "Wa ya manta yadda ake roƙon shinkafa a gidan Mama?" Babu wanda ya manta. "Shinkafa, gudu ta dama. Wake, ta hagu. Burodin masara, ta tsakiya. Gishiri kuwa, Alton, ka jefa ta iya ƙarfinka."

Alton ya ce, "Haba Koci, yunwa za ka tayar mana a tsakiyar fili?"

Batiste ya ce, "Ku ci wasan, acici, Lahadi ku ci tukunyar."

Da aka dawo, Batiste ya tsaya a gefen fili yana neman abinci da alamun Odessa, waɗanda babu su a kowace makaranta. Shinkafa biyu da wake ɗaya suka tsallakar da su layin ƙarshe, suka sami maki bakwai. Marbury suka ƙara uku da bugun ƙafa, Tallow Creek suka sake tsallakawa, maki ya zama 20 da 17. Saura ƙasa da minti guda, suna tsakiyar fili, ƙararrawa na kaɗawa har ƙasa na rawa, Batiste ya murza yatsu biyu a kan tafinsa, alamar gishiri. Alton ya ja da baya ya saki ƙwallo, abokin wasansa ya cafke ta bayan layin ƙarshe. Tukunya ta yi tsit. An tashi 24 da 20, kuma a watan Disamba majalisar ta janye hukuncinta. Cikin 'yan wasan wannan kaka, in ban da uku, duk sun kammala digiri.

Shekarunsa na baya

Percy ya rasu a 1983, Odessa a 1989. Manyan jami'o'i sun nemi Batiste, bai tafi ba. Ya ci gaba da tsara harin Tallow Creek har ya yi ritaya a 1996. A ƙarshen rayuwarsa jinsa ya ragu ƙwarai, ya ƙi sa na'urar kunne, yana cewa duk wanda yake son yin hira da shi ya riga ya koya masa yadda ake yi.

Rasuwarsa

Ya rasu a gidansa ranar 2 ga Oktoba, 2014, yana da shekara 73, bayan jinyar ciwon zuciya. An binne shi a maƙabartar cocinsu da ke Opelousas, kusa da iyayensa. Bayan addu'ar fasto, Alton Prejean, wanda a lokacin shugaban makaranta ne mai ritaya, ya jera tsofaffin 'yan wasan 1978 a bakin kabarin. Suka shafi ƙirji suka kife tafi, alamar da ake yi wa Odessa idan an ƙoshi ana neman izinin tashi.

Ya bar matarsa Vernell, da 'ya'ya uku: Yvette, lauya a Baton Rouge, Percy, malamin makarantar kurame, da Renee, likitar ƙashi ta ƙungiyar Tallow Creek, ƙungiyar da har yau take wasa, kuma har yau jifanta mai nisa gishiri ake ce masa. Allah Ya ba shi hutu.