Akwatunan Malam Yusha'u

Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, a kusa da kogi. Idan an gama girbi sanyi ya fara shigowa, mu yaran gida ba mu da wurin zama bayan sallar isha'i sai ƙofar ɗakin Iya, mahaifiyar babanmu. Takan sa a tara mata karan dawa ta hura wuta, ta binne gyaɗa a cikin toka mai zafi, mu kuma mu kewaye ta muna ture juna don kowa ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Ni da yayana Sani mu ne manya a cikin jikokin, don haka mu ke zama kusa da gwiwarta.

Iya ta iya tatsuniya ƙwarai. Idan tana maganar kura sai ta kumbura murya har ƙananan su ɓuya a bayanmu. Amma tana da wata ɗabi'a da ban gani wurin sauran tsofaffi ba. Ba ta taɓa gaya mana darasin labari. Idan ta gama sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, wa ya yi daidai a cikinsu?" Mu yi ta gardama, ita tana ɓare gyaɗarta.

Akwai labari guda da ba ta cika bayarwa ba. Shi ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya, ba ta kuma canza murya. Ranar da na fara jin sa, Sani ne ya tambaye ta inda ta koyi wannan tambaye-tambaye nata. Ta ce, "A wurin Yaya Malam na koya. Ku zauna sosai. Wannan ya faru da gaske."

Yaya Malam shi ne wanta, Malam Yusha'u, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya bar gida tun yana saurayi, ya yi shekaru yana karatu a Kano da wasu garuruwan gabas. Da ya dawo, abin da ya zo da shi akwatuna biyu ne na katako a kan jaki, cike da littattafai rubutun hannu. Mutane sun zaci zai zauna ya riƙa rubuta laya yana ba da rubutun sha. Bai yi ba. Ya karɓi gonar mahaifinsu yana noma kamar kowa, da la'asar kuma ya shimfiɗa tabarma a zaure ya buɗe littafi.

Littattafan nasa ba na fiƙihu kaɗai ba ne. Akwai na hikima, da na tarihin al'ummun da suka shuɗe, da na yadda ake gane hujja mai ƙarfi da mai rauni. Ra'ayinsa shi ne, waɗannan tsofaffin littattafai ba don malamai kawai aka rubuta su ba. Masu su mutane ne da suka yi tunani a kan adalci da mutuwa da zaman tare, kuma manomi ma yana da waɗannan damuwoyin. Yakan karanta shafi da Larabci, ya mayar da shi Hausa a hankali, sannan ya rufe littafin ya tambayi mutanen zaure ko sun yarda da abin da mai littafin ya ce. Wanda ya ce ya yarda, sai ya kawo dalili. Wanda ya ce bai yarda ba, shi ma haka.

Iya tana yarinya a lokacin, tana zaune a gidansa tana taya matarsa Rabi aiki. Ta ce takan raɓe a bayan zana tana saurare. "Ba na gane rabin abin da ake faɗa," in ji ta. "Amma ina jin daɗin yadda Tanko mahauci yake musu da mutumin da ya mutu tun kafin a kafa garinmu, Yaya Malam kuma yana ba shi gaskiya idan ya yi gaskiya."

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wasu malamai suka ce yana koya wa jahilai jayayya, kuma irin wannan karatu yana raunana imani. Da Tanko ya tambayi liman dalilin wani hukunci a gaban jama'a, sai maganar ta kai ga dagaci. Aka kira Malam Yusha'u aka ja masa kunne. Bai rufe zaurensa ba, amma masu zuwa suka ragu, suka koma 'yan kaɗan.

Ana cikin haka wata damina ta zo da ruwa mai yawa. Rabi ta tafi gidan iyayenta a Taura haihuwa, ta bar wa Iya ɗansu na fari, Habu, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. An yi kwanaki ana ruwa ba tsayawa. Wata safiya kogi ya ɓalle ya shigo unguwarsu. Mutane suka fara guduwa tudu, kuma tsakanin unguwar da tudun akwai wani kwari da ruwa ya riga ya kai wa babba ƙugu.

Gidan Malam yana ɗan bisa, ruwan tsakar gida bai wuce idon sawu ba. Jaki ɗaya gare shi. Ba zai iya jan jaki da kaya yana kuma riƙe da yarinya mai goyo a cikin kwarin ba. Sai ya tsaya ya dubi ruwan, ya dubi zaure.

Iya ta ce, "Ya ce da ni, 'Hajara, hau turmi ki jira ni. Takarda ba ta jure ruwa. Yanzu zan sauke akwatunan a tudu in dawo in ɗora ku.' Na ce to, Yaya. Me zan ce? Shi ne babba, kuma ban taɓa ganin ya yi lissafi ya kuskure ba."

Ya kai akwatunan tudu lafiya. Kafin ya juyo, kwarin ya cika ya zama kogi. Ya shiga, ruwa ya ɗauke shi, da ƙyar mutane suka fizgo shi. Ya sake yunƙurawa suka danne shi. Iya tana can a kan turmi da Habu a bayanta, ruwan sama yana dukansu, na ƙasa yana hawa. Ta ga ɗakin Rabi ya rushe. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai cinya, ta kwance goyon ta ɗora yaron a kafaɗa. Sai wajen la'asar sakaliya wasu masunta suka zo da kwalekwale suka ɗauke su.

Habu ya kwana yana tari. Sanyi ya kama ƙirjinsa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ya rasu kafin uwarsa ta gama wankan jego.

Idan Iya ta zo nan takan ƙara kara a wuta kafin ta ci gaba.

Rabi ta dawo da jaririyarta, ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma nemi saki ba. Gari ne ya yi magana. Waɗanda dama ba sa son karatunsa suka ce ga inda ya kai shi. Malam ya gyara gidansa, ya ajiye akwatunan a lungun zaure, ya rufe su da tsohuwar tabarma. Ya daina buɗe littafi. Ya koma gona kawai.

Tanko ne kaɗai bai daina zuwa ba. Kullum da la'asar, idan ya tashi daga kasuwa, sai ya zo ya zauna a zauren. Wani lokaci su gaisa kawai su yi shiru har magariba. An yi damina an yi rani ana haka. Wata rana Iya ta kawo musu ruwa ta ji Tanko yana cewa, "Malam, akwai wani da ka taɓa karanta mana, wanda ya yi magana a kan mutumin da ya yi abin da ba ya gyaruwa. Na manta yadda ya ƙare."

Malam ya ce, "Tanko, na karanta duk abin da suka faɗa a kan me ya kamata a fara ceta. Ranar da aka tambaye ni, na ba da amsar da ba ita ba."

Tanko ya ce, "Haka ne, Malam. Amma ni dai ina son in ji yadda ya ƙare."

Ba ranar ya buɗe ba. Sai bayan wasu watanni ya janye tabarmar. Gara ta shiga ta ƙasa. Akwati ɗaya ya zama ƙasa gaba ɗaya, ɗayan kuma rabinsa ne ya tsira. Iya ta ce ya zauna yana tsintar guntayen takardu yana jera su a tabarma. Da abin da ya rage ya ci gaba da karatu a zauren har ya tsufa, da mutum uku ko huɗu. Ya mayar da wasu sassa Hausa da ajami don waɗanda ba su jin Larabci. Bayan rasuwarsa magada suka raba takardun, ba wanda ya san inda suke yanzu.

A wannan labarin kaɗai Iya ba ta yin tambayarta. Mu ne muke yin gardamar da kanmu. Sani yakan ce mutumin bai da tausayi, ko dabba tana fara ɗaukar ɗanta. Ni kuwa, da yake tun ina firamare ba abin da nake so kamar karatu, sai in tsaya masa. In ce ai bai san ruwan zai ƙaru ba, kuma ya shiga kwarin har ya kusa mutuwa. Iya ba ta goyon bayan kowa. Takan tura ragowar garwashin wuri ɗaya ta ce mu je mu kwanta.

Na girma na zama malamar adabi a wata makarantar sakandare a Dutse. Ina zaune a unguwar Yalwawa da maigidana da 'ya'yanmu. Kowace shekara ina fama da ɗalibai a kan su karanta tsofaffin littattafai daga farko har ƙarshe, su daina dogaro da taƙaitawar da ake tura musu a waya. Nakan ba su labarin wani kakana da ya zaunar da manoma da mahauta suna musu da masanan zamanin da. Shekaru da yawa a nan nake tsayawa, ba na kai su ga ambaliyar.

Da na haifi ɗana na fari, kariyar da nake yi wa Malam Yusha'u ta fara yi mini nauyi a baki. Na gwada tsayawa a inda ya tsaya, ga jaki ɗaya ga ruwa, sai na kasa gane yadda idonsa ya fara kaiwa zaure. Duk da haka ban koma ɓangaren Sani ba. Na san abin da ke cikin akwatunan nan shi ne aikin rayuwarsa, babu kwafinsu a ko'ina kusa, kuma ya yi imani mutanen ƙauyen suna da haƙƙi a kansu.

A ciwonta na ƙarshe an kawo Iya asibiti a Dutse, daga baya ta zauna a gidana. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Wata yamma ina shafa mata mai a ƙafa na ce, "Iya, kin yafe wa Malam?"

Ta ce, "Rabi ce mai yafewa, kuma ta yafe tun tana da rai. Ni ban taɓa riƙe shi ba. Shi ya riƙe kansa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ya taɓa ce mini karatu bai hana shi kuskure ba, ya dai hana shi yi wa kansa ƙarya a kai. Ban sani ba ko wannan riba ce. Na ga dai yadda ta cinye shi."

Na ce, "To ke fa, Iya?"

Ta ce, "Ni na goyi 'ya'yana, na goyi ubanki, na goye ku. Ban taɓa ɗaura zani a kan yaro ban tuna Habu ba."

Ta rasu a ƙarshen waccan shekarar. Sai bayan rasuwarta na gane cewa labarin nan ba don ta koya mana wani abu take ba da shi ba. Ta rasa wanda za ta gaya wa ne. Waɗanda suka san abin duk sun mutu, manyan gida kuma sun riga sun yanke hukuncinsu, sai mu yara da muke saurare har ƙarshe.

Bara na fara ba ɗalibaina labarin gaba ɗaya, har da kwarin da turmin. Na ji tsoron zai sa su ƙara gudun littafi. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko jaririyar da Rabi ta dawo da ita ta rayu. Na ce ta rayu, har ta ga jikoki. Ta ce, "Malama, ita ya koya mata karatun?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambayar Iya ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.