Yadda Yaya Sakina take auna zuciyar 'yan mata

Shekara shida ke nan da muka rasa Yaya Sakina, yayar maigidana, malamar motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a unguwarmu ta Hajj Yusuf. Har yau in na ga yarinya ta sheƙa da gudu, ita ke faɗo mini a rai.

Ba saurin ƙafa take fara dubawa ba. Takan jera ɗalibai a jikin katanga, ta nuna musu wata bishiyar dogon yaro a ƙarshen fili, ta riƙa jefo tambaya: in rana ta take, za ki fito atisaye? In wanke-wanke na jiranki fa? Wadda ta yarda da kanta ta matsa kusa da bishiyar. Sai ta lura 'ya'yanmu Hausawa na ɓata mata awo, don ƙanwa ba ta shiga gaban yayarta, ko da zuciyarta ta riga ta kai can. Daga nan ta sa kowa ta rufe fuska da mayafi kafin ta taka.

Ranar ce 'yata Safiya, autar ajin, ta yi ta tafiya har ta gwara goshi da bishiya. Amma da aka mayar da su jikin katanga aka ce, "In babanki ya hana fa?" ko motsi ba ta yi ba. Da la'asar Yaya ta dira gidanmu, ta ƙi taɓa shayin da na kawo, ta dubi ƙanenta.

"Ya Usman, khalas, magana ta ƙare! Yarinyar nan za ta yi gudu. Ni na goye ka, kar ka kawo mini iyayi."

Ya yarda, don ita kaɗai yake jin nauyi. Bayan rasuwarta ya janye izinin, wai Safiya ta girma. Na yi magana har bakina ya gaji. Sai ga yaƙi, muka koma Omdurman wajen dangi, makarantar ma na ji ta zama kango. Da Yaya na nan, na san ko tsakar gidan aro ce sai ta mayar da ita fili. Wannan rashi yana ci mini rai ƙwarai.

Abin da ta bari bai wuce wannan ba: 'yan mata da suka san iyakar ƙarfin zuciyarsu. Kwanan baya na tambayi Safiya ko har yanzu tana jin za ta iya. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "Yumma, ni ai Gwaggo ta gama auna ni. Baba ne ba a samu mai auna shi ba."