Kaset Ɗin Ƙanena Da Na Goge

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. A shekarar 1998 ni matar aure ce a Bungudu, da 'ya'ya uku. Na gama sakandare a Gusau kafin a yi mini aure, kuma ina cikin matan da ba sa fashin Islamiyya. Maƙwabta sun san ni da taushin zuciya, ko kaza za a yanka sai na kau da kai. Amma da wannan zuciyar na yi wa ƙanena abin da har yau idan na tuna sai na yi istigfari.

Mu biyu kaɗai Inna ta bari da ta rasu a Tsafe. Shi tun yana ƙarami ba ya ganin gwangwani bai kaɗa shi ba. Da aka ba mu jiha, Gusau ta cika da ma'aikata, sai ya shiga ƙungiyar wasu samari masu kiɗan Turawa, da jita mai lantarki da ganguna masu girgiza kwanon rufi, shi ne mawaƙinsu. Suna wasa a otal-otal da bukukuwan ma'aikata. Ni kuwa a Islamiyya sunana ya koma yayar mai jita. Wata ma ta taɓa tare ni tana dariya, wai in yi musu hanya ya zo ya kaɗa mana ranar saukar karatu. Nakan yi dariya tare da su, in koma ɗaki in yi kuka.

Cikin daminar shekarar ya zo mini da wani kaset naɗe a hankici. Ya ce ya bar ƙungiyar, ya yi watanni yana aikin kansa shi kaɗai da na'urar ɗaukar murya ta aro, kuma mai ita ya riga ya karɓe abarsa. Wannan, in ji shi, ita ce uwar kaset, daga jikinta za a kwafi sauran, babu wata bayanta. Ɗakinsa na yoyo, shi kuma zai je Zariya neman mai buga masa bangon kaset ɗin, bai ga inda ya kai kwallar da nake adana kayana tsaro ba. Da zai tafi ya juyo daga bakin zaure ya ce, don Allah Yaya in saurara ko sau ɗaya ne, akwai abin da ya ajiye mini a ciki. Na ce to.

Ban saurara ba. A raina na riga na gama yanke hukunci cewa hayaniyar otal ce, kuma idan ta fito kasuwa da hotonsa a bango, ba ni da sauran fuskar shiga Islamiyya. Ranar wata Juma'a da safe ana wa'azi a rediyo, na ciro shi. Na lura ya karya 'yan haƙoran nan na bayan kaset don kada a ɗauki wani abu a kai. To mu da muka saba ɗaukar tafsiri da azumi mun san maganin wannan. Na naɗe 'yar takarda na cusa a ramukan, na danna jan maɓalli. Da gefe ɗaya ya ƙare na juya ɗayan. Ina yi ina gaya wa kaina ceton sa nake yi.

Bayan mako biyu ya dawo da fara'arsa, har da tsarabar alawa. Ya sa aka fito da rediyo tsakar gida, ya tara yarana ya ce su yi tsit, yau za su ji muryar kakarsu. Ban gane me yake nufi ba. Na miƙa masa kaset, ya danna, sai muryar malam ta fito. Ya tura gaba, malam. Ya juya kaset, malam. Ya ciro shi, ya ga takardar, ya zare ta da farce, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya faɗa mini, a hankali, cewa kafin Inna ta kwanta ciwo ya taɓa ɗaukar muryarta tana waƙar niƙa, rediyo ya cinye tsohon kaset ɗin bayan ya kwafe, ita ce ya sa a farkon wannan. Sauran waƙoƙin duk nata ne, ya ɗora musu jita marar lantarki da gurmi. Bai zage ni ba. Ya sa takalmansa ya fita, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Shekara huɗu ina roƙon Allah ya nuna mini Inna ko a mafarki in ji muryarta. Ashe mako biyu tana cikin kwallata, ni da hannuna na shafe ta. Maigidana da ya ji labari bai yi faɗa ba, sai ya tambaye ni wa zai amfana da wa'azin da aka ɗauka a kan kayan amana. Washegari shi da kansa ya kai ni tasha.

Na tarar da ƙanena a ɗakinsa na Gusau, ya rataye jita a ƙusa, wai ya samu wanda zai ba shi babur ya fara kabu-kabu. Na ba shi haƙuri har na rasa abin faɗa, ya juya mini baya yana kallon bango. Ban san lokacin da bakina ya kama waƙar da Inna ke yi idan gero ya fara kai ba, ƙasa-ƙasa, ina kuka. Na kai baiti na huɗu sai ya juyo ya ce in maimaita, bai san wannan ba. Ashe rabi-rabi ya riƙe su. Shi namiji ne, korar sa ake yi daga gindin dutsen niƙa. Ni kuwa shekara nawa na yi durƙushe kusa da ita ina tara gari. Waƙoƙin da ya sani biyar ne, ni da na zauna na lissafa sai da na wuce goma.

Daga lokacin kaka ya riƙa zuwa Bungudu duk Asabar da littafinsa. Ina aiki ina rerawa, yana rubutawa, in ya karkata wata kalma in ce Inna ba haka take faɗa ba, ya ce to Malama. Maigidana ya yarda bisa sharaɗin muryata ba za ta shiga kaset ba, ni ma haka na so. Amma da ya sake samo na'urar, ya ce ganga ba za ta dace ba, sai ya ajiye na'urar kusa da turmina ina dakan fura. Bugun taɓaryar da ke ƙarƙashin waƙoƙin nan duka nawa ne.

Da ya kammala, da farko masu sayar da kaset sun ƙi karɓa, wai babu abin rawa a ciki. Tsofaffin abokansa suka ce ya bar dandamali ya koma waƙar tsofaffi. Wani mai rumfa a bakin tasha ne ya sa shi a lasifika don kawai ya huta da naci. Kafin la'asar mata masu jiran mota sun kewaye rumfar suna tambaya. Daga nan direbobi suka ɗauka, ya shiga gidaje. Samari suna son jitar, iyayensu suna son kalmomin, kowa da abin da ya kama shi. Matar nan da ta yi mini ba'a, ita ce ta aiko a samo mata guda biyu, ɗaya na uwarta.

Ranar da ba na mantawa, ina dawowa daga ziyara a Tsafe, direba ya sa kaset ɗin. Wata tsohuwa a gefena ta ɗauki amshi, kafin mu yi nisa rabin motar na yi, har da wani Alhaji da ya ce rabonsa da jin waƙar tun uwarsa na da rai. Sau uku aka sa direba ya mayar da ita baya. Tsohuwar ta zungure ni ta ce duk wadda ke dakan nan ta san gero, ba 'yar birni ba ce. Na ja hijabina na rufe fuska, na ce gaskiya ne Inna.

Har yau ban canza ra'ayi kan kiɗan otal ba. Abin da na koya shi ne, tsoron bakin mutane nake yi, na sa masa sunan tsoron Allah. 'Yan uwana mata, duk abin da aka ba ku amana ku mayar da shi yadda aka kawo, kuma kada ku yanke wa ɗan uwa hukunci kan abin da ba ku ji ba. Waƙoƙin Inna sun dawo, sun shiga gidajen da ba ta taɓa takawa ba, amma muryarta ta tafi, wannan kuwa babu mai mayar mini. Da ƙanena ya kawo mini sabuwar uwar kaset in ajiye, ya ce yana dariya, wannan karon sai ya kwashe duk takardun gidan tukuna. Na karɓa, amma ban kai ta kwalla ba sai da na saurare ta gefe biyu, yana zaune a gabana.