Ranar da Na Kwaikwayi Umma a Gabanta

Cikin shekaru huɗun da na yi a kwaleji a Jidda, akwai rana ɗaya da ko tsufa ya kwashe min komai ba na jin zai iya kwashe ta. Ranar bikin ƙarshen zango ce a shekarata ta biyu, ranar da na hau dandamali na kwaikwayi mahaifiyata. Har yau in na tuna sai in sauke ajiyar zuciya.

Ina da shekara tara muka baro Maraɗi ni da Umma, muka iske Baba a Jidda. Yana tuƙa motar ɗaukar kaya a wani sito a Madinar Masana'antu, muna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Bani Malik. Da yake ni yarinya ce, kafin shekara ta zagayo Larabcin Hijaz ya zauna a bakina kamar a nan aka yanke min cibiya. Umma kuwa da girmanta ta zo. Larabcinta na allo ne da na kasuwa, ta haɗa ta dama. Ta ce wa mace "inta", wato "kai", ta ce wa namiji "inti", wato "ke", in ciniki ya yi zafi ta ƙarasa da Hausa, mai shago ya gane ko kada ya gane. Da wannan Larabcin take sayar da turaren wuta da humra, da shi take shiga gidajen biki yin lalle.

Akwai wani abu da ya faru ina 'yar shekara goma. Na raka ta asibiti, likita ya tambaye ta me ke damunta. Tana so ta ce zuciyata, wato "galbi" yadda mutanen Jidda ke faɗa, sai ta dafe ƙirji ta ce "kalbi". Ma'anarsa karena. Likita ya fashe da dariya, nas ɗin da ke tsaye ta taya shi, ni ma na taya su. Tun daga ranar labarin ya zama nawa.

Kwalejin tamu ta 'yan mata ce zalla, tallafin karatu ne ya shigar da ni. Yawancin ɗaliban direba ke sauke su a bakin ƙofa, ni kuwa bas. Watannin farko ba ni da abokiyar cin abinci sai ƙawata guda. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta suka zo aikin hajji ta Sudan suka zauna a unguwar Ammariyya. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai ta yi da Larabci, ko ta jagwalgwala Hausar. Mamanta kuma tsohuwar mai sayen turare ce a wurin Umma.

Wata rana a ɗakin cin abinci na kwaikwaya wa ƙawata yadda Umma ke ciniki, sai na ji teburin kusa da mu ya ɗauki dariya. Washegari suka kira mu muka zauna da su. Kafin wata guda ni ce tauraruwar wurin, ana ajiye min kujera, ana saya min shayi. Yanzu da na girma na san da me na sayi kujerar nan. A lokacin kuwa cewa nake baiwa ce Allah ya ba ni.

Labari ya kai kunnen malamar da ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, wadda muke kira Duktora. Ta ce in rubuta ɗan gajeren wasa don bikin ƙarshen zango. Na rubuta a zama biyu: wata Hajiya baƙuwa ta je asibiti. Ni ce Hajiyar, ƙawata ce likita. Mako uku muna gwaji bayan darasi, a zauren da kowa ke nasa. 'Yan Falasɗinu suna buga ƙafa a gefe guda, 'yan Indiya suna rawar sanduna, wasu suna shirya rakiyar amarya irin ta Hijaz da ganguna. Ana kawo gurasar tamis da dafaffen waken da ake kira ful a baje a ƙasa a ci tare. Ban taɓa jin daɗin makaranta irin na makonnin nan ba.

Sau ɗaya ƙawata ta ja ni gefe ta ce, "Umminki ta sani?"

Na ce, "Ina za ta sani? Ai ba ta zuwa."

Ta ce, "Wallah, in ni ce, ni ta gaya mata."

Na yi dariyar Hausarta, na bar maganar. Gaskiya Umma ba ta taɓa taka kwalejin ba, takan ce me za ta je yi cikin masu hannu da shuni. Duk da haka katin gayyatar iyaye mata da aka ba mu, cikin littafi na tura shi. Wanda bai san ya yi laifi ba ai ba ya ɓoye kati.

Ranar Alhamis ce, bayan azahar. A bakin ƙofa ana karɓe wayoyi, mata na shiga suna cire abaya, zaure ya cika da ado da ƙamshi. Ni ina bayan labule sanye da koriyar atamfar Umma da na zaro daga akwatinta da safe, da tsohon tabaranta mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Aka gama rawar sanduna, aka kira mu.

Na shigo da tafiyarta, hannu ɗaya a ƙugu, jaka maƙale a hammata. Ban ce komai ba zaure ya ɗauka. Na ɗaga kai in sha daɗin dariyar, sai idona ya faɗa layi na huɗu. Ga maman ƙawata. Kusa da ita ga Umma, ita kaɗai ce ba ta cire abaya ba, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu.

Ban san yadda na yi kashin farko ba. Bakina ne kawai ke aiki, ya haddace. Na ce wa mai ba da kati "inta", aka yi dariya. Na yi cinikin kuɗin ganin likita kamar ana sayar da tumatir, aka yi shewa. Duk dariyar da aka yi sai in saci kallon layi na huɗu. Umma ba ta dariya, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Kallona kawai take. Da ma harara ta yi da ya fi min sauƙi.

Aka zo wurin likita. Na zauna a kujera, ƙawata ta gyara farar rigarta ta ce da Larabci, "Me ke miki ciwo, Hajiya?"

Na dafe ƙirji. Kalmar ta ƙi fitowa. A karo na farko cikin shekara goma na tuno fuskar Umma a asibitin nan, ba dariyar likita ba. Na tuna yadda ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta sunkuyar da kai.

Ƙawata ta maimaita tambayar. Shiru. Ta sunkuyo kamar za ta auna ni, ta raɗa min, "Yalla, ki yi magana. Ni ma na gani ta." A bayan labule Duktora tana kaɗa takarda tana nuna min layin. Zaure ya yi tsit, har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ake ji. Na fara tunanin in tashi in fice, in bar ƙawata da Duktora da kunyar, in kuma san yadda zan yi da makarantar daga baya.

Sai murya ta taso daga layi na huɗu, da Hausa tsantsa, da ƙarfinta na kasuwa.

"Ke 'yar nan, faɗa mata mana! Kin fara ai sai ki ƙarasa. Kalbi! Ce mata kalbi ne ke ciwo!"

Ni ce 'yar fari, Umma ba ta kama sunana, ko a nan ɗin ma ba ta kama ba. Larabawan ba su tsinci komai ba sai "kalbi", amma muryar da suka ji ita ce dai wadda nake ta yi musu tun ɗazu. Kawuna suka juya. Zaure ya ɓarke da dariya da tafi, da yawa sun zaci shiri ne. Na buɗe baki kalmar ta fito. Muka kai wasan ƙarshe.

Da aka tashi, 'yan mata suka yanyame Umma, wannan ta sumbaci goshinta, waccan ta riƙe hannunta tana duba lalle. Ita kuwa tana amsa musu ɗaya bayan ɗaya, kowacce "inta". Duktora ta rungume ta ta ce ita ce ta ceci wasan. Ni ina raɓe a jikin bango cikin atamfar da ba tawa ba.

Motar haya ɗaya muka shiga mu huɗu. Umma da maman ƙawata suna ta hirar tsadar itacen turare, ko kallona ba ta yi ba. Aka sauke su a Ammariyya. Daga nan har Bani Malik taga kawai Umma take kallo. Na fi son duka a kan hakan.

Muna shiga gida ta yi la'asar, ta ɗauko tire ta zauna tsintar shinkafa. Ta ce, "Cire min kayana ki ninke."

Na cire na ninke, na dawo na durƙusa a gabanta. Na ce, "Umma, ki yafe min."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shekaranjiya maman ƙawar nan taki ta zo sayen humra, ta ce sai mun haɗu a bikin yara. Na ce mata in Allah ya yarda, kamar na sani. Asirinki na rufa." Ta fitar da wani ɗan tsakuwa ta ajiye gefe. "Kin san abin da ya kai ni asibiti ranar nan?"

Na ce ciwon ƙirji.

Ta ce, "Ana gobe za mu je aka bugo waya cewa Inna ta rasu. Iƙamarmu, takardar izinin zama, tana hannun kafili, uban gidan Babanki, ana sabuntawa, ba halin fita. Uwata tana can ana mata sutura, ni ina nan ina kallon bango. Muka ɓoye miki sai da kika gama jarrabawa. Na kwana ƙirjina kamar an ɗora dutse, Babanki ya ce in je a duba ni. Likita ya gama dariyarsa ya auna ni, ya ce lafiyata ƙalau. Ai na san ba irin ciwon da na'ura ke gani ba ne."

Na san kakata ta rasu a shekarar, amma ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba. Na kifa kaina a gwiwarta na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina ƙarama. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ture tiren ta ɗago ni.

Ta ce, "To ya isa. Da ban yafe ba, da kin ji muryata? Da na ga kin shigo da zanena, raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na ga kin ƙame kamar an dasa ki, sai na ce ina zaune 'yata za ta tozarta a gaban mutane? Kunyar da na sha a asibiti ta ishe mu mu biyu. Kuma kin san wani abu? Shekara goma ban sake furta kalmar nan ba, ko galbin ma ba na faɗa. Yau na faɗe ta da ƙarfi a gaban ɗaki cike, na duba na ga ban mutu ba."

Sai na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Ta dube ni ta gefen ido.

"Amma tsakani da Allah, haka nake tafiya?"

Na ce, "Haka, Umma."

"Har da hannun a ƙugu?"

"Har da shi."

Ta tuntsire da dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. A haka Baba ya dawo daga aiki ya same mu, ɗaya na kuka ɗaya na dariya, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar lafiya. Umma ta ce, "Tashi ki yi wa Babanki. Ni ce likita." Na sake wasan a tsakar ɗakinmu, tana tsayar da ni tana gyara min, wai ba haka take cewa ba, nata ya fi nawa daɗi. Kuma gaskiyarta, ya fi.

Na ci gaba da wasan kwaikwayo har na gama kwaleji, amma ban ƙara ɗaukar labarin wani na kai dandamali ban tambaye shi ba. Abin da ranar ta koya min shi ne, labarin mutum kayansa ne, ko da kana wurin lokacin da abin ya faru. Kai dai ɓangaren da ya ba ka dariya ka gani, shi ne ya san abin da ke ƙarƙashi. Ni na yi sa'a, wadda na taka uwata ce, ta ɗaga murya ta fitar da ni a lokacin da ta fi kowa ikon yin shiru. Ba kowa ba ne zai yi maka haka, don haka kafin ka sa mutane su yi dariya da wani, je ka same shi tukuna ka ji ko shi ma zai iya dariyar.