Shirun Iya Mairo

A gidanmu na Sheshe, da an idar da isha'i sai mu ruga ɗakin girki, inda kakarmu Iya Mairo ke suyar gyaɗa a bakin murhu. Ni ce auta, kuma bakina ya yi nauyi ƙwarai. Nuni kawai nake yi da yatsa, yayyena su faɗi abin da nake so tun kafin in sauke hannu.

Akwai tatsuniyar da Iya ta fi yi mana. Wai wani ɗan akuya ne uwarsa ke yi masa kuka saboda so, har ya girma bai taɓa buɗe baki ba. Ran nan ya faɗa busasshen ramin rini a marina. Ga uwar tana wucewa ta bakin ramin tana nemansa, ga duhu yana shigowa.

Daidai nan Iya take yin shiru. Sai ta sunkuyo, idonta cikin nawa, ludayin na rataye a hannunta.

"To, Binta, me zai ce?"

Yayyena su yi ta mutsu-mutsu, amsa na cin su. Ita kuwa ta gargaɗe su cewa duk wanda ya amsa a madadina, babu shi babu gyaɗa. Haushinta nake ji sosai, don gani nake tsohuwar nan da gangan take barin ɗan akuya a rami. Wata rana dai tsoro ya fi ƙarfina, na ƙwala ihu na ce, "Inna!" Iya ta rangaɗa guɗa har gyaɗar ta ƙone, muka cinye ta a haka.

Bara ɗana Mubarak ya doshi shekara uku bai ce komai ba. Kowa cewa yake zai yi, amma ni tsoro ya hana ni sukuni. A asibiti aka duba kunnensa lafiya lau, sannan wata ma'aikaciya ta nuna mini shafukan intanet na masu koyar da yara magana. Na zauna ina kallon bidiyon a waya. Matar ciki tana cewa a durƙusa daidai fuskar yaro, a fara abin da ya sani, a tsaya, a jira shi. Dariya ta kama ni har da hawaye, don wannan jiran na san shi tun a bakin murhu.

Na yi ta gwadawa kullum da yamma, kuma wallahi shirun nan ya fi maganar wuya. Makon jiya na sake jefa ɗan akuya a rami, na sunkuya na danne bakina. Mubarak ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya damƙe hannuna da ƙarfi.

"Umma," in ji shi.

Guɗar da na yi, sai da maƙwabta suka shigo tambayar wa ya haihu.